Albarushin toka da na tsohon harsashin soja ba ɗaya ba ne

'Yan uwa mafarauta na wajen Ringim da Gumel, don Allah a daina haɗa su.

Baƙin albarushi shi aka ƙera bindigar toka dominsa, shi 'yan bindigar sarki ke ɗurawa a hawan sallah. Hayaƙinsa da yawa, yana jan danshi da damina, kuma in baka wanke bututu da ruwan zafi ka shafa mai ba tsatsa zata cinye shi, amma ƙarfin bugunsa bai wuce abinda bututun maƙeri zai ɗauka ba in dai ba'a cika ɗuri ba.

Na cikin harsashin soja fa, irin .303 na tsohuwar bindigar Lee-Enfield ta Ingila, wani ma ba gari bane, kodayit ne siri-siri kamar taliya. Babu hayaƙi sosai, shi yasa yake ruɗar mutane, amma matsin da yake yi ya ninka na baƙi nesa ba kusa ba, ƙarfen kamfani aka gwada dashi, ka zuba shi a bindigar toka wallahi bututun ne zai tarwatse a hannunka da fuskarka. Ga tsufa kuma, wanda ya shekara sittin a ajiye yana iya lalacewa, kaji yana warin tsami.

A Amurka masu sake ɗura kwanso sikeli suke amfani dashi da littafin awo na kamfani. Mu nan dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe harsashin soja ba izini, ko bindigar tokar ma sai da lasisi. Wanda ya tsinci irin wannan harsashin ya kai wa mai gari a miƙa wa 'yan sanda.