Na goge faifan kwamfutata na koma Windows 7: sharhi kan Rufus da abin da ya biyo baya

Rufus ƙaramar manhaja ce da ko megabait 2 ba ta kai ba. Kyauta ce, kuma ba sai ka girka ta ba, da ka sauke sai ka buɗe. Pete Batard ne ya fito da ita a 2011, aikinta kuwa shi ne ɗaukar fayil ɗin ISO, wato cikakken kwafin faifan girka babbar manhajar kwamfuta irin Windows, ta shimfiɗa shi a kan filash, yadda kwamfuta za ta iya tashi daga filash ɗin. Da ita na yi amfani lokacin da na goge faifan ajiyar tsohuwar laftof ɗina kakaf, na cire Windows 10 na mayar da Windows 7. Rufus ta yi aikinta ba wani ƙorafi. Wahalar tana gaba, bayan an gama girkawa, a inda Rufus ba ta da hannu.

Laftof ɗin 'yar 2012 ce, ram gigabait 4, faifai irin mai juyawa na gigabait 500. Da Windows 7 ta zo, sai ta hau Windows 10 lokacin da aka buɗe ƙofar hawa kyauta a 2015. Tsufa ya kama ta: kana kunnawa faifan zai ta ƙugi, fitilarsa ba ta ko ƙiftawa, sai ka jira ta huce kafin ka buɗe komai. Amma ba nauyin ne ya sa na koma baya ba. Ina da tsohuwar sikana mai kyau wadda kamfaninta bai ƙara fitar mata da direba ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, tun zamanin Windows 7, ga kuma wata manhajar lissafi da na saba da ita wadda ita ma can ta tsaya. Da akwai hanyar komawa ta cikin saituna, sai dai wa'adinta gajere ne, a yanzu kwana 10 ne bayan hawa sabuwar, daga nan tsarin ya share jakar Windows.old da ke ajiye tsohuwar Windows ɗin. Tawa ta ɓace shekaru da suka wuce, saboda haka babu makawa sai gogewa.

Abin da ya fara burge ni a Rufus shi ne komai a fuska ɗaya yake. Sama ka zaɓi filash, ƙasa da shi ka nuna mata ISO, sai tsarin rabon faifai, MBR ko GPT. Wannan zaɓin na uku shi ne inda mutane ke tuntuɓe. MBR tsohon tsari ne, ba ya wuce terabait 2 kuma manyan ɓangarori 4 kawai yake ɗauka, shi ke tafiya da tsohon BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows. GPT na UEFI ne, magajin BIOS a sababbin kwamfutoci. Windows 7 ba ta san Secure Boot ba, wato tsaron UEFI da ke hana kwamfuta tashi daga manhajar da ba a tantance ba, don haka idan kwamfutarka tana da shi dole ka shiga saitin BIOS ka kashe, ka kunna CSM, yanayin da ke kwaikwayon tsohon BIOS. Ni MBR na zaɓa, Rufus da kanta ta daidaita akwatin da ke gefe zuwa BIOS. Akwai wata dabara da na yaba mata: ba ta nuna manyan faifan waje da ke haɗe ta USB a jerin zaɓi sai ka ce ta nuna. Wanda ya kwashe hotunansa da takardunsa zuwa faifan waje, ya bar shi a jone, ba zai goge shi bisa kuskure ba. Tana kuma lissafa lambar tantance fayil ta SHA-256, abin da ke da amfani sosai yanzu da Microsoft ta daina bayar da ISO na Windows 7 a shafinta, kuma intanet ta cika da kwafin da ba a san me aka cusa a ciki ba. Ni faifan DVD na asali nake da shi, na kwafe shi zuwa ISO a wata kwamfutar.

Gogewar kanta ba Rufus ke yi ba, a cikin shirin girka Windows ake yi. Idan ka iso allon farko ka danna Shift da F10, baƙar taga za ta buɗe, ka rubuta diskpart, manhajar sarrafa faifai ta Windows. Umarnin list disk zai jero faifan da ke jikin na'urar, har da filash ɗin da ka taso daga kansa, kuma da girma kawai za ka bambance su. Sai select disk da lambar faifan, sai clean. A nan ka natsu, domin diskpart ba ya tambayar ko ka tabbata. Kana danna Enter, cikin daƙiƙa kaɗan zai ce ya gama.

Saurin nan shi ke nuna cewa ba a goge komai ba tukuna. Umarnin clean, da fomatin na gaggawa, kamar yage shafin jerin abubuwan da ke cikin littafi ne: babukan suna nan, hanyar nemo su ce ta ɓata, kuma manhajar dawo da fayil za ta iya tono da yawa. Wanda ke son gogewa ta gaske, musamman idan sayar da kwamfutar zai yi ko bayar da ita, clean all zai rubuta. Wannan yana bin faifan tun daga farko har ƙarshe yana rubuta sifili. Shi na yi, ya haura awa ɗaya da nisa, ba ya nuna kashi nawa ya ci, sai ɗan layin nan da ke ƙiftawa da fitilar faifai a kunne. Za ka rantse ya maƙale, amma aiki yake. Zagaye ɗaya ya isa a faifan zamani. Hanyar nan ta zagaye 35 da Peter Gutmann ya bayyana a 1996 don faifan wancan zamanin ce, yin ta yau ɓata lokaci ne. Idan kuma SSD ke gare ka, wato faifan ajiya mara juyawa, rubuta sifili ba ya tabbatar da komai ya tafi, domin na'urar tana rarraba rubutu zuwa wuraren da tsarin ba ya gani. Umarnin Secure Erase na cikin faifan shi ne daidai.

Ana fara girkawa sai allo ya ce bai ga direban na'urar DVD ba, alhali babu DVD a cikin maganar. Ramin USB ne. Windows 7 ta fito a Oktoban 2009, kafin USB 3.0 ta bazu, don haka ba ta zo da direbanta ba. Na zare filash daga rami mai shuɗin ciki, na USB 3.0, na mayar baƙin, na tsohuwar USB, na sake tayarwa, magana ta ƙare. Wanda duk ramukansa na 3.0 ne sai ya cusa direban cikin ISO tukuna, haka ma mai SSD irin na NVMe. Daga nan girkawa ta tafi salin alin, ta yanki megabait 100 ta ware wa kanta, ta nemi lambar lasisi mai harafi 25 da ke manne a ƙasan laftof, ta karɓa.

Sai ga ni a gaban kwamfuta mai saurin gaske wadda ba ta san tana da Wi-Fi ba. Rubutu ya kumbura ya cika allo, sauti babu, a Device Manager, jerin na'urorin da ke jikin kwamfuta, kuwa alamomin rawaya sun yi layi. Direban intanet ba ya saukuwa sai da intanet, don haka duk wanda zai yi wannan aikin ya tanadi direbobinsa a filash tun kafin ya goge, na Wi-Fi da na kebul a gaba. Ni na tanada, shi ya cece ni. Bayan an haɗu da intanet ma ba a tsira ba. Internet Explorer 8 ce ke zuwa da ita, yawancin shafukan yau ba sa buɗewa a cikinta saboda sun daina karɓar tsoffin hanyoyin ɓoye bayanai. Chrome ta tsaya a lamba 109 a Janairun 2023, Firefox kuma a 115 ESR. Sabuntawa ma ba ta tafiya sai ka sa Service Pack 1 na 2011, sannan ka sa wasu sabuntawa biyu, KB4490628 da KB4474419, da hannunka, domin tun 2019 da sa hannun SHA-2 ake fitar da sabuntawa, sabuwar girkawa kuwa ba ta iya karanta shi. Ita kanta Rufus, daga lamba 4.0 ba ta buɗewa a Windows 7, sai 3.22.

Sikanar tana aiki kamar ranar da aka saye ta, manhajar lissafin ma haka, faifan ya daina ƙugi. Sai dai ba zan ba tsohuwar Windows duk yabon ba. Wani kaso na saurin daga tsabtar faifai ne, shekaru na tarkace sun tafi, kuma da nauyi ne kaɗai damuwata, sa SSD ya fi komawa baya amfani nesa ba kusa ba. Windows 7 ta daina samun gyaran tsaro ranar 14 ga Janairu, 2020, ƙarin wa'adin da kamfanoni suka biya ma ya ƙare a Janairun 2023. Ko lokacin da ake gyara ta, muguwar manhajar nan WannaCry ta Mayun 2017 ta fi yin ɓarna a kwamfutocin Windows 7 da ba su sa gyaran da ya fito tun Maris ba. Yanzu duk ɓarakar da aka gano a buɗe za ta zauna. Saboda haka ba na shiga banki ko imel a kanta, Wi-Fi ɗinta a kashe yake, fayil kuma ta filash yake shiga da fita, bayan na duba shi a ɗaya kwamfutar.

Mai sabuwar na'ura kada ma ya fara. Tun daga zuriya ta 7 ta Intel da Ryzen na AMD, Windows 7 ba ta cikin lissafi, direbobi ma sai an sha wuya. Mai son sauka daga Windows 11 zuwa 10 kuwa hanyarsa ta fi sauƙi, lasisi ɗaya ke yi wa biyun aiki idan bugu ɗaya ne, direbobi ma galibi da kansu suke zuwa, illa dai ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Da na gama jera direbobi da sabuntawa, sai na shiga Backup and Restore na ɗauki hoton tsarin gaba ɗaya zuwa faifan waje. Faifan cikin ya haura shekara 10 yana juyi, ranar da ya mutu ba na son in sake farautar direban Wi-Fi a shafin kamfanin da wataƙila ya riga ya sauke shi.