Wasiƙa Daga Perth: Yaya, Dakata da Sayen Shokar Sitiyari

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da iyali baki ɗaya. Ya damina? Mu nan sanyi ake zubawa, don watan Yuli a Ostireliya tsakiyar hunturu ne, daidai lokacin da ku kuke fama da ruwa da taɓo.

Na saurari saƙon muryarka, na kuma kalli bidiyon da yaro ya ɗauka daga kujerar gefe, inda sitiyarin jif ɗin yake karkarwa a hannunka kamar mai masassara bayan kun faɗa rami a hanyar Kachia. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ka ce in nemo maka shokar sitiyari mafi ƙarfi da ake sayarwa a nan ko nawa ce, da shokazoba huɗu irin na masu shiga daji. Zan nemo in sha Allahu, amma ka fara jin abin da na tarar.

Ƙasar nan ƙasar Land Cruiser ce. Idan ka bar Perth ka nufi Kalgoorlie, garin haƙar zinariya mai nisan kilomita kusan 600, ko ka yi arewa wajen ma'adinan ƙarfe na Pilbara, ita za ka yi ta gani, musamman a-kori-kura samfurin 79. Hanyoyin dajinsu jar ƙasa ce kamar burjinmu, ga gargada jere-jere sai ka ce kunyoyin gona, wani wurin a wuni ana tafiya ba a ga kwalta ba. Hanyar Gibb River kaɗai, wata hanyar daji da ke can arewa, ta kai kilomita 660. Shi ya sa sana'ar ƙera kayan ƙafar mota ta kafu a nan sosai. Akwai ARB da aka kafa a Melbourne a 1975, su ne masu shoka da sifirin samfurin Old Man Emu, ga Dobinsons na jihar Queensland, ga Tough Dog da Ironman. Ana kuma samun na waje, Bilstein na Jamus, Koni na Holan, KYB na Japan.

Ranar Asabar na shiga wani shago da wayata a hannu. Mai shagon bai ɗauko mini kwali ko ɗaya ba, takarda ya jawo ya hau tambaya. Wane samfuri ce? Na ce Land Cruiser 80. Fetur ko dizal? Akwai bambar ƙarfe a gaba? An ƙara mata tanki? Ana ɗora kaya a rufi? Wane nauyi ne ba ya sauka daga cikinta, wanne ne kuma sai lokaci-lokaci? An taɓa ɗaga ta? Rabin tambayoyin nan sai na koma wurinka. Da na nuna masa bidiyon ya kalla sau biyu, ya ce zai iya sayar mini da shokar sitiyari yanzun nan, amma ba za ta warkar da abin da ya gani ba.

Ga dalili. Shokar sitiyarin nan da ke kwance a gaban aksul, aikinta ta shanye bugun da dutse ko rami yake yi wa taya, don kada sitiyari ya fizge maka hannu. Iyakarta ke nan. Idan mota ta kama karkarwa irin taka, wani abu ne ya yi lako-lako a ƙasa: ko kan tayarod, wato sandar da ke haɗa tayoyin gaba su juya tare, ko bushin sandar da ke riƙe aksul kada ya yi gefe, ko boris ɗin kimfin, inda taya take juyawa idan an murɗa sitiyari, ko boris ɗin taya, ko tayoyin ne suka ci gefe guda ba a yi musu balansin ba. In ka ɗaura sabuwar shoka mai tauri, karkarwar za ta lafa na ɗan lokaci, ka saki jiki, alhali ƙarfen da ya ci yana can yana ƙara ci. Ranar da kan tayarod ya fita kana gudu, babu shokar da za ta riƙe maka mota. Wannan ne ya hana ni barci, Yaya, don na san da motar nan kake kai Hajiya asibiti.

Sai maganar ɗagawa. Na tuna bara ka ce an sa mata dogayen sifirin don ta daina taɓa ƙasa. Idan aka ɗaga 80 da kamar milimita 50, aksul ɗin gaba yakan ɗan juya daga yadda kamfani ya zaunar da shi, sai mota ta riƙa yawo a hanya, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana. A nan sukan haɗa dogon sifirin da wasu bushin na musamman masu mayar da aksul mazauninsa, su kuma duba ko tiyon birki ya isa. Shokazoba ma dole tsawonta ya dace da sifirin. Gajeriya a kan doguwar mota, duk ramin da aka faɗa sai ta miƙe har ƙarshe ta fizgu, ba ta daɗewa take zubar da mai.

Game da shokazoba kuwa, iri biyu ne manya. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, irin wadda yawancin motoci suke zuwa da ita. Akwai mai bututu ɗaya, da iskar naitirojin a matse a ƙasan man. Abin da ke kashe shoka a gargada zafi ne: man ya yi zafi ya yi kumfa, sai ta saki, mota ta kama tsalle kamar ba a sa mata komai ba. Mai bututu ɗaya ta fi saurin huce zafi, amma idan dutse ya lotsa jikinta shi ke nan ta tashi aiki, don a cikin bututun nan fistin yake tafiya. Mai bututu biyu ko an lotsa na waje takan ci gaba da aiki. Akwai kuma masu ɗan tulun mai a gefe, masu tsadar gaske, waɗanda aka yi wa masu tsere da masu wuni suna gudu a gargada. Kai ba haka kake tuƙi ba. Tafiyarka daga kwalta zuwa gona a hankali ce, cikin duwatsu da taɓo, da kaya niƙi-niƙi. Ni dai a ganina mai bututu biyu mai kaurin jiki ta ishe ka, kuɗin da ya rage ka zuba shi a gyaran ƙafar gaba.

Kayan kuma su ne babbar magana. Buhu 10 na taki rabin tan ne cif, ban da mutane da jarkokin ruwa, ban da cittar da ake lodowa a dawowa. Sifirin ne yake ɗaukar nauyi, shoka hana shi lilo kawai take yi. Idan sifirin baya ya kwanta, ko shokar zinariya ka sa sai bayan motar ya zauna. A nan kowane sifirin da adadin kilo ɗin da aka yi shi dominsa, mutane ma har sikelin manyan motoci suke hawa su auna gaba daban baya daban kafin su biya kuɗi.

Abin da na fi yi wa mutanen nan sha'awa shi ne amana a ciniki. Abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki, ga rasit, ga garanti, idan ta zubar da mai kafin lokaci ka mayar a canza maka. Har yau ina jin zafin waɗanda muka saya tare kafin in taso, kwali mai ƙyalli da babban suna, wata uku ba su cika ba mai ya wanke su, mai shagon ya ce hanyarmu ce ba ta da kyau. Kayan Beljiyam ma da ake yabo, shokar da ta gama aikinta a wata ƙasa ce aka wanke, matsa ta da hannu a bakin shago ba ya nuna yadda za ta yi idan ta ɗauki zafi.

Amma kada ka ɗauka komai na nan ya fi namu. Kuɗin aikin makanike a awa ɗaya ya haura dalar Ostireliya 100, sai ka yi kwanaki kana jiran ranar da aka ba ka, kuma kaɗan ne masu gyara abu, cirewa suke yi su sa sabo. Makanikenka na Kurmin Mashi da zai kwanta a ƙarƙashin mota ya gane boris da ya ci da tafin hannunsa, da masu walda da juya ƙarfe na Panteka, da a nan suke da tuni sun yi arziki. Hannu muna da shi, kayan kirki ne suke yi mana wuya.

Saboda haka ka kai ta gareji cikin makon nan. A ɗaga gaba da jak, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga, sannan a kama gefe da gefe. A sauke ta, wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, makanike yana ƙasa yana kallon kowane haɗi da kowane bushi. A kwance shokar sitiyarin gaba ɗaya a tura ta a jawo: idan taurinta ɗaya ne shiga da fita, ba inda take zarcewa fayau, lafiyarta ƙalau, a mayar da ita. Shokazoba kuma idan ka dawo daga gona ka kai bayan hannu kusa da kowacce a hankali. Mai aiki za ka ji ta da ɗumi, wadda ta yi sanyi ita kaɗai ta mutu. In za a canza, biyu-biyu ake yi, na gaba tare, na baya tare.

Ka turo mini lambar shasi, da hoton ƙafar gaba, da tsawon shokar da ke jiki yanzu. Motocin nan sitiyarinsu a dama yake, namu kuwa tun 1972 da Nijeriya ta sauya hannun tuƙi a hagu yake, kuma wasu sandunan gaba ba sa hawa juna. Shoka mai iska a matse ma kamfanonin jirgin sama da yawa ba sa yarda a sa ta cikin jaka, sai dai ta ruwa, ko in sa a ɗauko maka daga Dubai, inda motocinsu hannu ɗaya ne da namu.

Kafin a gama dubawar nan, don girman Allah kada ka hau hanyar Kachia da Hajiya ko yara a ciki. Ka gaishe ta da kyau, ka ce zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko.