Sharhi kan tafiyarmu daga Legas zuwa Kano: yadda kuɗin zaɓen kujera ya raba ni da iyalina a cikin jirgi

Shekara goma sha huɗu ke nan ina zaune a Agege da ke Legas, ina kasuwancin hatsi a kasuwar Mile 12, kuma a tsawon wannan lokaci na hau jirgi zuwa Kano fiye da yadda zan iya ƙirgawa, amma kusan kullum ni kaɗai nake tafiya, daga ni sai jakar hannuna. Wanda yake tafiya shi kaɗai ba ya damuwa da inda aka zaunar da shi, domin tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. Sai da bikin ƙanwata ya taso, ya zama dole mu tafi gaba ɗaya, sannan na ga wata fuskar harkar da ban taɓa lura da ita ba. Mu shida ne: ni da uwargida, da mahaifiyata wadda ta zo Legas aikin ido ta zauna tare da mu, da ɗanmu mai shekara tara, da 'yarmu mai shekara huɗu, sai ɗan autanmu da bai cika shekara biyu ba, wanda bisa ƙa'ida a cinya ake riƙe shi. Kujera biyar ke nan muke bukata. Hanyar mota ta kai kimanin kilomita 1,000, ana kwana a kanta, ga Hajiya da ciwon gwiwa, don haka ban ma kawo zancen mota a raina ba.

Na sayi tikitin ne ta manhajar wani kamfanin jiragen cikin gida wanda ba zan ambaci sunansa ba, kuma abin da ya ja ni gare shi shi ne farashi, domin tikitinsa na zuwa da dawowa ya gaza na kamfanin da na saba bi da kimanin naira 9,000 a kan kowane mutum. A kan mutum biyar, rangwamen naira 45,000 ba abin rainawa ba ne ga mai hidimar biki a gabansa. Bayan na shigar da sunaye da ranakun haihuwa, sai manhajar ta nuna mini taswirar cikin jirgin, kujeru uku a dama uku a hagu, kowace da kuɗinta a jiki: na gaba da na kusa da ƙofar fitar gaggawa naira 10,000, sauran kuma naira 4,000. A ƙasa akwai wani ɗan ƙaramin rubutu da ke cewa wanda bai zaɓa ba za a ba shi kujera kyauta a ranar tafiya. Na tsallake, saboda a ganina tunda lambar rajistarmu ɗaya ce, kuma kamfanin ya san shekarun kowane yaro domin ni da hannuna na rubuta masa su, babu yadda za a yi ya raba yarinya 'yar shekara huɗu da uwarta. Babu inda manhajar ta gargaɗe ni cewa hakan zai iya faruwa.

Ranar tafiya mun yi sammako daga Agege don gudun cunkoso, mun isa ɓangaren jiragen cikin gida na filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Ikeja saura fiye da awa biyu a tashi. Da ma'aikaciyar kanta ta miƙo mini katunan shiga jirgi, na duba sai na ga an watsa mu: ni a layi na 7, uwargida da jariri a layi na 14, Hajiya a kujerar tsakiya ta layi na 19, yarinyar a layi na 22, yayanta kuma can baya a layi na 25. Na nuna mata yarinyar, wadda kanta ko saman kantar bai kai ba, na tambaye ta ko wannan ce za ta zauna ita kaɗai a tsakanin baƙi. Ta ba ni amsa cikin ladabi cewa na'ura ce take rabawa, jirgin ya cika, kujerun da ke jere duk an riga an saye su, amma in yi wa ma'aikatan cikin jirgi magana su roƙar mini wasu fasinjoji. Na ce zan biya kuɗin yanzu, ta ce ko na biya babu kujeru biyu a jere da suka rage. Ban ga laifinta ba, domin ba ita ta tsara abin ba, sai dai na lura cewa kamfanin ya karɓi kuɗin wasu a kan kujerun, sannan ya bar mini ni aikin roƙonsu su saki abin da suka saya.

Abin da ya faru a cikin jirgin shi ne dalilin wannan rubutu. Da muka zo layi na 14 uwargida ta zauna, ma'aikaciyar jirgi ta kama hannun yarinyar za ta wuce da ita baya, sai ta cukuikuye gefen hijabin uwarta da hannu biyu, ta kafe, tana cewa, “Umma, ni a nan zan zauna.” Mutane sun yi layi a bayanmu da jakunkuna, wasu suna tsaki, jariri ya fara kuka saboda zafi da matsi. Na roƙi wani matashi da ke kujerar taga kusa da uwargida ya taimaka ya koma layi na 22, ya ce ya biya kuɗi ne musamman don wannan kujerar, kuma ba zai tashi ba. A lokacin raina ya ɓaci, amma da na natsu na ga yana da gaskiyarsa, tunda da kuɗinsa ya saya. Wata dattijuwa Bayarabiya da ke kujerar bakin hanya ce ta miƙe ba tare da an roƙe ta ba, ta ɗauki jakarta, ta shafa kan yarinyar, ta ce ita ma tana da jikoki. Allah ya saka mata da alheri, domin ita ce ta yi abin da ya kamata kamfanin ya yi tun kafin mu bar gida.

Hajiya kuwa babu wanda ya musanya da ita. Ta zauna a tsakanin maza biyu da ba ta sani ba, ta takure jikinta ta ja mayafi, carbinta a hannu. Na je na durƙusa a gefenta na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, bari in nemi wanda zai koma wurina.” Ta ce, “Je ka zauna, kada ka tsayar da mutane saboda ni.” Duk wanda ya san iyayenmu mata ya san irin nauyin da wannan zama yake da shi a wurinsu, kuma ya san ba za su taɓa faɗa ba. Idonta ɗaya yana rufe da bandeji, ba ta jin Turanci, ba ta iya ɓalle ɗamarar kujera da kanta, kuma layi goma sha biyu ne tsakanina da ita. Da muka yi nisa jirgin ya shiga gargada na wasu mintuna, aka kunna alamar ɗaura ɗamara, ba ni da halin tashi. Bayan mun sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano ɗana ya ce mini, “Abba, da jirgin ya girgiza na kira ka, ba ka ji ba.”

Ina so a fahimci cewa ba jin daɗin zama nake magana a kai ba. Kafin kowane tashi ma'aikatan jirgi suna sanar da cewa idan iska ta yi ƙaranci, babba ya fara sanya abin shaƙar iska a fuskarsa sannan ya sanya wa yaron da ke tare da shi. Wannan umarni an gina shi ne a kan cewa yaron yana kusa da nasa. Haka kuma kafin a amince da samfurin babban jirgin fasinja, sai an gwada cewa za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. To, a irin wannan hali, wane uba ne zai nufi ƙofar gaba alhali ɗansa yana layi na 25? Baya zai koma, ya yi karo da masu fita, ya jefa kansa da su cikin haɗari. Kamfanin da ya hana yaro zama kusa da ƙofar gaggawa saboda tsaro, bai kamata ya manta da tsaron nan ba idan aka zo batun zaunar da shi kusa da iyayensa.

Na san wannan ɗabi'a ba a Najeriya aka ƙirƙiro ta ba. Kamfanonin jirage masu araha na Turai da Amurka ne suka yaɗa tsarin rarraba tikiti gida-gida, a sayar da tafiyar daban, kaya daban, kujera daban, abinci daban, har manyan kamfanoni suka bi sahu. A 2008 American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan akwatin farko. Wani rahoton kwamitin Majalisar Dattawan Amurka da ya fito a watan Nuwamba na 2024 ya nuna cewa kamfanoni biyar na ƙasar sun tara dala biliyan 12.4 daga kuɗin zaɓen kujera kaɗai tsakanin 2018 da 2023. Kuma a matsayina na ɗan kasuwa, ban jahilci halin da kamfanoninmu suke ciki ba. Man jirgi ya yi tsada, kayan gyara da hayar jirage da inshora duk da dala ake biya, darajar naira ta faɗi ƙwarai tun daga watan Yunin 2023, ga kashi biyar cikin ɗari na kuɗin kowane tikiti da hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama take karɓa. Saboda haka ba ni da ja idan an sayar wa dogon mutum kujera mai faɗin wurin miƙe ƙafa, ko an caji mai gaggawa don ya zauna a gaba ya riga kowa fita. Waɗannan ƙari ne, mai so ya saya. Zaman yarinya 'yar shekara huɗu kusa da uwarta kuwa ba ƙari ba ne, yana cikin abin da na biya tun da na sayi tikitinta, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wasu ƙasashen sun riga sun raba wannan gardama. A Kanada, dokar kare fasinjoji ta 2019 ta wajabta wa kamfani ya zaunar da yaron da bai kai shekara biyar ba daf da mahaifinsa ko mai kula da shi, ɗan shekara biyar zuwa goma sha ɗaya a layi ɗaya da shi, kuma duk ba tare da ƙarin ko sisi ba. A Indiya, hukumar jiragen sama ta ba da umarni a watan Afrilun 2024 cewa yaro har zuwa shekara 12 a zaunar da shi tare da aƙalla ɗaya daga cikin iyayensa idan rajistarsu ɗaya ce. Italiya ma tun 2021 ta hana karɓar ƙarin kuɗi a kan kujerar mai rakiyar yaro ko naƙasasshe. Wannan na ƙarshen ya fi burge ni, domin ya tuna da mutane irin Hajiya, waɗanda ba yara ba ne amma ba za su iya da kansu ba.

A dawowa ban sake yin ganganci ba. Tun ana saura kwana huɗu na shiga manhajar na sayi kujeru biyar a layi biyu masu bin juna, naira 20,000. Sai kuma batun kaya ya taso. Tikitin mai arahar kilo 15 kawai ya ba kowane mutum, wanda kuwa ya je biki gida ba ya dawowa Legas hannu rabbana. Dangi sun haɗa mana tsaraba: kilishi, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, alkaki da nakiyar biki, ga atamfofin da aka yi wa yara. Sikeli ya nuna mun wuce ƙa'ida sosai. A gaban kanta uwargida ta buɗe akwati a ƙasa tana ciro ƙullin gero da kwalbar man shanu tana miƙa wa ƙanena ya mayar gida, Hajiya tana kallo ba ta ce komai ba, alhali ƙanwarta ce ta kwana tana haɗa mata su. Duk da haka kilo 11 ya rage a sama, kowane kilo naira 2,000, na biya naira 22,000. Idan aka haɗa da kuɗin kujeru, naira 42,000 ke nan daga cikin 45,000 ɗin da na ɗauka na rage, kuma da na sayi kujerun tun a zuwa, da abin da na kashe ya zarce farashin kamfanin da na guje wa, wanda yake ba da kaya fiye da haka. Araha ba ta ado, amma a nan ma arahar ce babu, lambar farko kawai aka ƙanƙantar.

Adalci ne in faɗi abin da kamfanin ya yi daidai. Zuwa da dawowa jirgin ya tashi a kan lokaci, abin da matafiyin cikin gida ya san ba kullum ake samu ba. Cikinsa da tsabta, kayanmu sun fito lafiya, kuma da na nemi keken guragu don Hajiya an kawo ba tare da an karɓi komai ba, har wani ma'aikaci ya tura ta zuwa bakin matakala yana yi mata sannu da 'yar Hausarsa. Ma'aikaciyar da ta yi fama da mu a layi na 14 ta leƙa ɗana sau biyu, ta kuma taimaka wa Hajiya da ɗamara. Ga ɗan kasuwa mai tafiya shi kaɗai da jaka ɗaya, zan iya cewa ya bi su, ni ma zan ci gaba da bin su idan ni kaɗai ne.

Ga mai iyali kuwa, ba zan ba shi shawarar wannan tikiti ba sai ya zauna da biro da takarda ya haɗa kuɗin kujera na zuwa da dawowa a kan kowane kai, ya ƙiyasta nauyin kayan da zai dawo da su daga gida, sannan ya kwatanta jimillar da ta sauran kamfanoni. Idan ya yanke shawarar binsu, ya sayi aƙalla kujeru biyu a jere ga uwa da ƙaramin yaro a ranar da ya sayi tikiti, kada ya jira filin jirgi, domin a can magana ta riga ta ƙare. Ni dai na rubuta wa kamfanin takardar koke, na aika kwafinta ga sashen kare haƙƙin fasinjoji na NCAA, na haɗa da hoton katunanmu biyar masu lambobin layi 7, 14, 19, 22 da 25, tare da shekarun kowane yaro a gefe. Abu biyu na nema a ciki: a zaunar da duk yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba kusa da wani babba nasa kyauta tun lokacin sayen tikiti, sannan tsoho ko majinyacin da aka nema wa keken guragu a bar masa mai rakiyarsa a gefensa.