Irin gida ko na kamfani: wanne ya fi kare gona daga cuta?

Malam, ka tambaya ko ka shuka dawa da gyaɗar da ka ajiye bara a gonarka ta Gezawa, ko ka sayi ingantaccen iri. Ni dai ba zan haɗa dawa da gyaɗa a amsa ɗaya ba.

Irin gida ba ya cin kuɗi, kuma ya saba da ƙasarka. Illarsa ita ce yakan taho da cutar bara. Burtuntuna, wadda ke mayar da ƙwayar dawa baƙin gari, tun wurin sussuka take maƙalewa a jikin iri. 'Ya'yan wuta-wuta ma, da suke ƙanana kamar ƙura, sukan shiga hatsin da aka casa a ƙasa. Shi ya sa tun a gona ake zaɓen iri kafin girbi, a yanki zangarniya mai lafiya a ajiye daban. Wanda ake aunawa da kwano a Dawanau kuwa na tuwo ne, ba wanda ya san gonar da ya fito.

Na kamfani an tace shi, galibi an shafa masa magani, amma da tsada, ga jabu. Ka nemi mai tambarin hukumar iri ta ƙasa, NASC, ka kankare lambar ka tura ta waya. In masara mai aure ce, wato wadda aka haɗa iri biyu aka samar, kada ka ajiye 'ya'yanta don baɗi, amfanin raguwa yake.

A dawa, irinka ya isa, muddin ka cakuɗa shi da maganin iri irin su Apron Star bisa ma'aunin da ke jikin ledar. Abin da ya rage kada ya shiga tukunya, kada kaji su tsince shi.

Gyaɗa kuma labarinta daban. Kuturtar gyaɗa, wadda ta durƙusar da nomanta a Arewa a 1975, ba ta bin iri, ƙananan ƙwarin da ake kira darɓa ne ke yaɗa ta, don haka maganin iri kaɗai ba zai raba ka da ita ba. A nan kuɗinka ya fi amfani: sayi mai juriya kamar SAMNUT 24 daga cibiyar bincike ta Samaru, ka shuka da ruwan farko, kusa-kusa.

Kowanne ka zaɓa, ƙirga ƙwaya 100 ka naɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara na mako guda. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, ƙara iri a rami ko ka nemi wani tun damina ba ta sauka ba.