Dutsen da ya ja mini tsawar tsohuwa a Mosko

Jama'a wallahi shekaranjiya na sha kunya a Mayakovskaya, wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa nan Mosko. Ina jiran jirgi sai idona ya kai kan ginshiƙan wurin, an manna musu wani abu ruwan hoda mai baƙaƙen jijiyoyi kamar tawada ta zube a kan tsoka, ni kuma da halinmu na gida na ce ai roba ce ko tayil ɗin Chaina, na zaro makulli zan ɗan kankara in gani. Kai! Wata tsohuwa ta taso mini da Rashanci kamar na mari jikanta, kowa ya juyo, ni dai haƙuri nake ta bayarwa har jirgi biyu suka wuce ni, da yake nan ba a minti uku wani bai zo ba.

Ashe dutse ne na gaske, rodonait, Rashawa kuma orlets suke ce masa, daga sunan gaggafa, wai a sheƙarta aka riƙa tsintar ƙananansa. A tsaunukan Ural aka fara haƙo shi kusa da Yekaterinburg, a ƙarshen ƙarni na 18. Sinadarin manganis ne ya ba shi launin, baƙin ma duk shi ne. Matar sarkin Rasha Alexander na 2, kabarinta a Saint Petersburg da shi aka sassaƙa sukutum. Tashar nan tun 1938 take, har mafaka ta zama lokacin yaƙin Hitila, kuma dutsen yana nan inda hannun kowa zai kai, sai ni ɗan Kano na zo da makulli.

Da haushi na tafi shago in saya wa Hajiya abin wuya nashi. Mai shagon da bakinta ta ce wannan na gaske ne, wancan rinanne ne shi ya sa ya fi araha. Na yi shiru. A gida wani ya rantse mini da Allah kan murjanin roba, ya kuma ce don ni ya rage! Ga tomalin, wani dutse mai daraja, mai irin wannan launi a Nasarawa, ɗanyensa ake kwasa a fitar waje, ban taɓa ganin an goge ko ɗaya an sa a bangon tashar mota ba.

Na dai saya, amma na san Hajiya, juya shi za ta yi ta ce wannan baƙin datti ne, an cuce ni.