Daga Kwalejin Al'umma Zuwa Digirin Gandun Daji a Amurka: Wace Hanya Ta Fi?

Ɗalibai da yawa a Amurka kan fara da kwalejin al'umma ta shekara biyu saboda sauƙin kuɗi, sannan su wuce jami'a su ƙarasa digirin kula da gandun daji. Dabara ce mai kyau, amma ana yin asara a cikinta, kuma asarar tana farawa ne tun ranar rajista.

Takardun shaidar karatu iri biyu za a shimfiɗa maka a kwalejin: AS da AAS. AS an tsara ta don mai niyyar wucewa jami'a: bayoloji, kemistiri, lissafi, ƙididdiga. AAS kuwa ta mai son fara aiki da wuri ce. A nan za ka yini cikin daji da tef a hannu kana auna kaurin itace daidai ƙirjinka, kana koyon sunan kowace bishiya daga ganye da ɓawonta. Makarantar Ranger da ke Wanakena a jihar New York tun 1912 take irin wannan horo. Ina ƙaunar hanyar nan ƙwarai, sai dai jami'o'i da dama ba sa karɓar duk kiredit ɗinta (ma'aunin yawan karatun da aka yi), sai ka ga shekara biyun da suka rage sun koma uku, kuɗin da ka tsimi ya tafi.

Shawarata ita ce ka fara zaɓar jami'a, sannan ka waiwayo ka zaɓi kwaleji. Nemi rubutacciyar yarjejeniya tsakanin makarantun biyu mai nuna kwas-kwas wane zai maye gurbin wane. Kwalejin Linn-Benton, alal misali, tana da irin wannan haɗin gwiwa da Jami'ar Jihar Oregon da ke Corvallis. Ka kula da lissafin kiredit ma: jami'ar ta Oregon tana bin tsarin kwata, wato raba shekara zango huɗu, digiri kiredit 180, yayin da masu tsarin simesta ke neman 120. Kiredit uku na kwata daidai yake da biyu na simesta.

Kada ka biya ko sisi sai ka tabbatar ƙungiyar SAF ta masana gandun daji na Amurka, wadda aka kafa a 1900, ta amince da shirin, don masu ɗaukar aiki na duba wannan. Ka tambayi kuma ko akwai zaman horo a daji lokacin bazara, kamar yadda Jami'ar Jihar Colorado ke yi a sansaninta na kan duwatsu. Wanda ya makara bai shiga ba, yana iya jiran shekara guda.

Sai dajin da kansa. Yammacin Oregon ƙasar ruwan sama ce da manyan itatuwan katako. Jami'ar Arewacin Arizona a Flagstaff kuwa tana tsakiyar busasshen daji mai fama da fari da gobara. Mai niyyar komawa gida ya yi yaƙi da kwararowar hamada, ni dai Flagstaff zan fara nuna masa.