Sharhi kan check-old da delete-old na FreeBSD: sun share mini tsoffin fayiloli, amma ba duka suke gani ba

Duk wanda yake gina FreeBSD (tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, dangin Unix) da kansa daga tushe, wato daga ainihin rubutun manhajar, ya san daɗin da ake ji idan installworld, umarnin ɗora sabon tsarin da aka gina, ya kammala, aka sake kunna kwamfuta, ta tashi lafiya lau. Sai dai a nan mutane da yawa suke naɗe tabarma, alhali da sauran aiki. Umarnin make installworld ɗorawa kawai ya sani. Zai sa sabon fayil a kan tsoho idan sunansu ɗaya, amma fayil ɗin da aka daina amfani da shi, ko aka sauya masa suna, ko aka mayar da shi wata folda, ba ruwansa da shi. Kamar magini ne da ya gama gyaran ɗaki ya kwashe kayan aikinsa, ɓaraguzan tsohon ginin kuwa suna nan jibge a tsakar gida. Kwashe su aikin wasu umarni ne guda uku da ke cikin /usr/src, wato make check-old da make delete-old da make delete-old-libs, kuma a kansu nake wannan sharhi.

Ni ke kula da kwamfutocin wata cibiyar koyar da kwamfuta a Pantami, cikin garin Gombe. Babbar cikinsu ita ke ajiye ayyukan ɗalibai ta Samba, manhajar raba fayiloli, ita ce kuma ke raba intanet ta hanyar pf, mai tace zirga-zirgar intanet. Dalilinmu na gini daga tushe bai wuce biyu ba. Na farko tsadar data: mu jawo tushen da Git a kwamfuta ɗaya, mu gina a kan wadda ta fi ƙarfi, sauran su ɗauki /usr/src (inda tushen yake) da /usr/obj (inda abin da aka gina yake) ta NFS, hanyar raba foldoji tsakanin kwamfutoci. Na biyu, muna cire abin da ba ma buƙata ta fayil ɗin /etc/src.conf, irin su WITHOUT_SENDMAIL da WITHOUT_BLUETOOTH da WITHOUT_GAMES. Da rana muke ginin, lokacin da sola ke da ƙarfi, don buildworld, umarnin gina tsarin, a kan tsohuwar na'ura sa'o'i yake ci, mafi yawansu kuma wajen gina Clang da LLVM, kayan haɗa manhajoji, suke tafiya.

Inda na fi ganin amfanin waɗannan umarni shi ne tashinmu daga 13.2, wanda ya fito a Afrilun 2023, zuwa 14.0 na Nuwamban shekarar. Tsalle ne daga babban zubi zuwa wani, saboda haka abin da aka yar yana da yawa.

Bari in fara da make check-old, don shi ne na fi yaba wa. Ba ya goge komai. Yana jero maka abin da ya samu kashi uku: tsoffin fayiloli, tsoffin laburare (fayilolin da manhajoji ke kira su yi aiki da su), sai tsoffin foldoji, a ƙarshe ya gaya maka umarnin da za ka ba da idan gogewa kake so. A kwamfutarmu jerin ya cika allo ya yi ta gudu, sai da na juye shi cikin wani fayil na zauna na karanta a natse. Mafi yawansa kayan tsohon Clang ne da ke ƙarƙashin /usr/lib/clang/14.0.5, tunda sabon zubin da Clang 16 ya zo. A tsakiyarsu ne na ga abubuwan da suka sa na gyara zama. Ga /usr/libexec/telnetd, wanda aka cire daga tsarin a 14.0. Ga portsnap, shi ma an cire shi. A kashin laburare kuma ga /lib/libcrypto.so.111 da /usr/lib/libssl.so.111, na OpenSSL 1.1.1, kayan ɓoye bayanai, wanda masu shi suka daina yi wa gyara kyauta tun 11 ga Satumban 2023. Sabon zubin ya koma OpenSSL 3.0, laburarensa kuma da .so.30 suke ƙarewa.

Wannan shi ya sa ban yarda da masu cewa share tsoffin fayiloli maganar neman fili ce a faifai ba. Filin da suke ci bai taka kara ya karya ba. Maganar tsaro ce. Laburaren ɓoye bayanai da babu mai toshe masa ɓaraka kuma, idan yana nan kwance, duk tsohuwar manhajar da aka haɗa da shi za ta ci gaba da kiransa, kai kuwa kana ganin ka sabunta komai. Haka tsoffin fayilolin .h da ke /usr/include, waɗanda ake karantawa lokacin haɗa manhaja: za ka zo haɗa wata manhaja, ta leƙa ta gan su, ta ɗauka abin da suke nunawa yana nan a tsarin, ginin ya tsaya da wani kuskuren da ba za ka gane tushensa da wuri ba. A wurin da yara ke ajiye ayyukansu da takardunsu, ba na son irin wannan ya kwana.

Yadda abin yake aiki ba shi da wani sirri, kuma wannan ma abin yabo ne. Akwai fayil a /usr/src mai suna ObsoleteFiles.inc, mai dubban layuka. Duk lokacin da wani daga cikin masu gina FreeBSD ya cire abu, sai ya rubuta kwanan wata da dalili a layi ɗaya, a ƙarƙashinsa ya jera sunayen da OLD_FILES ko OLD_LIBS ko OLD_DIRS. Na biyu kuma yana tools/build/mk/OptionalObsoleteFiles.inc, shi ne ke lura da abin da ka ce ba ka so a src.conf. Da ma sa WITHOUT_SENDMAIL ba ya cire sendmail ɗin da ke kan na'ura tun farko, hana gina sabo kawai yake yi. Sai ka ba da delete-old sannan tsohon zai tafi. Idan ka ga wani suna a jerin ba ka gane shi ba, binciken grep ɗaya a cikin fayilolin nan biyu zai nuna maka yaushe aka yar da shi da kuma dalili. Na yi haka ga sunaye da dama, kuma kowanne na samu bayaninsa.

Shi make delete-old tambaya yake yi a kan kowane fayil. Zai rubuta remove, ya sa sunan, ya jira ka danna y. Yaron da ke taya ni aiki ya zauna yana dannawa, can ya ɗago ya ce, "Malam, wannan ai sai la'asar ba mu gama ba. Babu yadda za a ce masa ya goge duka?" Na ce masa akwai: make -DBATCH_DELETE_OLD_FILES delete-old, ko a tura masa amsa da yes. "Amma ka ga takardar nan da muka karanta ɗazu? Ita ta ba mu damar yin haka. Ranar da ba ka karanta jerin ba, kada ka kuskura." Ra'ayina ke nan har yanzu. Tambayar ɗaya bayan ɗaya tana da kyakkyawar niyya, amma idan fayiloli suka yi yawa hannu ne ke amsawa, ido ya riga ya gaji. Kariya ta gaskiya tana wajen karanta abin da check-old ya fitar tun kafin a fara.

Akwai sharuɗɗa biyu da ya kamata a kiyaye a nan. Tushen da ke /usr/src dole ya zama shi ne wanda aka ɗora a kan na'urar. Idan ka jawo sabon tushe da Git, ba ka ɗora shi ba tukuna, ka ba da delete-old, jerin sabon zubi zai karanta, ya kawo maka sunayen fayilolin da tsarinka ke aiki da su yanzu. Na biyu, src.conf ɗin kwamfutar da ake sharewa shi yake bi, don haka mu da muke gini a wuri ɗaya mu ɗora a wurare da yawa, sai mun tabbatar fayil ɗin iri ɗaya ne a ko'ina.

Sai babban cikinsu, make delete-old-libs. An raba shi da ɗan'uwansa da gangan, kuma an yi daidai. Manhajojin da ka sa ta pkg, umarnin saka manhajoji, tun zamanin 13.2 da tsoffin laburare aka haɗa su, muddin ba ka sake sa su ba kuwa, da su suke numfashi. Don in nuna wa ɗalibai abin da idonsu, na ɗauki wata kwamfutar gwaji mai tsarin ajiyar fayiloli na ZFS, na ajiye hoton tsarin da bectl create yadda za mu iya komawa, sannan na goge laburaren kafin sabunta manhajoji. Muna kiran pkg sai ga amsa a layi ɗaya: ld-elf.so.1: Shared object "libssl.so.111" not found, required by "pkg". Wato abin da za ka yi gyaran da shi, shi ma ya tsaya. Haka curl. Mafita ita ce pkg-static, wanda ke ɗauke da laburarensa a cikin jikinsa: a sake sa pkg da shi, sannan pkg upgrade -f ya sake sa komai. Tsarin da ya dace ke nan tun farko: installworld, etcupdate mai sabunta fayilolin /etc, delete-old, a sake sa duk manhajoji, sai a ƙarshe delete-old-libs.

A nan ƙorafina na farko yake. Umarnin yana yin gargaɗi kafin ya fara, cewa ka tabbatar babu manhajar da ke amfani da laburaren, amma shi kansa ba ya dubawa. Binciken naka ne. Ga abin da aka sa ta pkg, pkg shlib -R libssl.so.111 zai jero masu buƙatarsa. Ga abin da aka haɗa da hannu kuwa pkg bai san da zamansa ba, sai ka bi shi da ldd, umarnin da ke nuna laburaren da manhaja ke kira. Muna da wata ƙaramar manhaja ta rajistar ɗalibai da aka haɗa da hannu tun kafin in karɓi aikin, kuma ldd ne ya nuna mini tana riƙe da tsohon libcrypto. Na sake haɗa ta. Wanda ba shi da tushen tasa manhajar, akwai misc/compat13x da ke ajiye laburaren zubi na 13 a wata folda dabam, sai dai wannan jinkirta matsalar ne, tsohon laburaren dai yana nan da raunukansa.

Ƙorafi na biyu ya fi zurfi, kuma shi ne iyakar wannan hanya gaba ɗaya: abin da aka rubuta a jeri kaɗai take gani. Fayil ɗin da babu sunansa a ObsoleteFiles.inc, ko shekara nawa ya yi a kwance, check-old zai wuce shi. Idan ya gama bai nuna komai ba, ma'anarsa babu sauran abin da ke cikin jerin, ba wai tsarin ya tsarkaka ba. Ba ya taɓa /usr/local. Ba ya taɓa /usr/obj, wanda shi ne ma ke cin gigabait da yawa. Ba ya taɓa /boot/kernel.old, ko da yake wannan ina son a bar shi har sai sabon kanel, wato zuciyar tsarin, ya nuna lafiyarsa.

Na gwada hanyar da aka fi yawan ba da shawara don cike wannan giɓi, wato duba kwanan fayiloli. Tunda installworld yana sabunta kwanan abin da ya ɗora, find da -mtime a kan /bin da /sbin da /usr/bin da /usr/sbin da /usr/libexec, ba da jimawa ba bayan ɗorawa, zai fito da duk abin da ba a taɓa ba. A waɗannan foldoji ta yi aiki sosai. Da ita na gano wasu rubutattun umarni da wanda ya riƙe aikin kafin ni ya ajiye a /usr/sbin, babu mai amfani da su. Amma kada a kai ta /usr/include da niyyar gogewa. Fayilolin .h ana ɗora su ne da install -C, wanda idan ya ga sabon da tsohon iri ɗaya ne, sai ya bar kwanan tsohon yadda yake. Za ka ga fayil da tsohon kwanan wata, alhali lafiyayye ne, ana amfani da shi. Wanda ya haɗa wannan find da rm a can zai rasa abin haɗa manhajoji.

Hanyar da ta fi kwantar mini da hankali ta fi cin lokaci. Na ɗora tsarin a wata folda da babu komai, da make installworld da make distribution, kowanne da DESTDIR mai nuna foldar da za a ɗora, na fitar da jerin sunayen da ke cikinta, na fitar da na kwamfutar da ke aiki, na gwama su da comm. Abin da ke nan amma babu shi a can, shi ne abin tambaya. Wannan juya lissafin ne: maimakon jerin abin da aka yar, ana auna na'ura da jerin abin da ya kamata ya kasance. Haka sysclean na OpenBSD, wani tsari ɗan'uwan FreeBSD, yake yi, wanda Sébastien Marie ya rubuta. Yana jero baƙin fayiloli, ba ya goge ko ɗaya, abin da ka san naka ne kuma ka rubuta shi a /etc/sysclean.ignore don ya daina kawo shi. Da FreeBSD yana da irinsa a cikin /usr/src kusa da check-old, da na ce babu sauran abin nema.

Duk da haka ba zan ba kowa shawarar ya tsallake umarnin nan uku ba. Ba sa buƙatar a sauke komai daga intanet, suna gudu cikin ɗan lokaci ko a tsohuwar na'ura, kuma a duk jerin da suka ba ni ban ga suna ɗaya da bai cancanci tafiya ba. Ga mai gini daga tushe, a kowane sabuntawa ya kamata a yi su, gwamawar DESTDIR kuma a bar ta sai lokacin tsallake babban zubi ko lokacin da ka gaji na'ura daga hannun wani. Wanda kuwa da freebsd-update yake sabuntawa, wato ba ya gini daga tushe, wannan sharhi bai shafe shi sosai ba: shi da kansa yake cire tsoffin fayiloli, kuma a tsallaken babban zubi yakan tsaya ya ce a sake sa manhajoji tukuna, sai an kira freebsd-update install karo na uku sannan yake goge tsoffin laburaren.